Ƙwaƙwalwar sa a cikin kula

Tun ina goye Kaka take kirana kishiya. In na leƙa ɗakinta sai ta ce, "Ku ɓoye goron nan, ga mai ƙwacen miji ta iso." In ce mata ai yayinta ya wuce, ta ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Wasan jika da kaka dai, kowane gida ana yi. Shekara uku da suka wuce na je hutu gida Garwa, na shiga gaishe ta da safe, sai ta dube ni ba fara'a, ta juya wurin Inna ta ce, "Wa ya ba wannan izinin shigo mini ɗaki? Yau girkina ne." Muka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Kakanmu ya fi shekara goma a ƙasa, amma ranar har la'asar tana tsare da ƙofar ɗaki kada in shiga in ɗauke mata tukunya.

A gida gigin tsufa aka ce. Wata gwaggonmu ta ce sammu ne, aka yi rubutu, aka yi turare. Da ta fara fita da tsakar rana wai za ta kasuwa sayo wa mijinta taushe, sai Kawu ya kai ta asibiti. Bayan gwajin jini da tambayoyi masu yawa likita ya ce alamu sun fi karkata ga cutar Alzaima, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906.

Lokacin ina karatun sinadaran jikin mai rai a Ngaundere, an kusa zaɓen abin da kowa zai yi bincike a kai. Na je wurin malamina na ce ni Alzaima nake so. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Da wane injin?" Ya yi shiru, can sai ya buɗe firij ya ciro wani ɗan bututun roba da bai fi ƙaramin yatsana ba, ciki cunkushe da farin abu kamar jiƙaƙƙen gari. Ya ce wani tsohon ɗalibinsa ne ya aiko masa daga Faransa, ƙananan ƙwallaye ne aka ɗaure wa hefarin, wani irin sukari mai hana jini daskarewa. "In kina da haƙuri, da wannan da gishiri za ki ga yadda uwar amiloyid take riƙe sukari. Ba magani za ki samo ba, ki faɗa wa mutanen gida tun yanzu." Ban faɗa musu ba, na kuwa ga sakamakon hakan daga baya.

Uwar amiloyid ɗin nan furotin ce da ake taƙaita sunanta da APP, daga jikinta ake yanko amiloyid, gutsuren da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzaima. Tana tsire a fatar ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa kamar turke: ɗan gajeren wutsiya a ciki, dogon jiki a waje. Nau'in da ya fi yawa a ƙwayoyin jijiya amino asid, wato tubalan ginin furotin, 695 ne a jere. Kowa yana da ita, mai lafiya da maras lafiya, mutum da saniya. A 1987 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da ita a kan kuromosom na 21, shi ya sa masu lalurar Down, da suke ɗauke da kuromosom ɗin sau uku maimakon biyu, amiloyid yake taruwa musu tun da sauran ƙuruciya. Abin da ke jawo matsala shi ne inda aka yanke ta. Akwai anzayim uku da ke aikin almakashi a kanta: alfa, beta da gama. In alfa ya riga, sai ya yanka ta tsakiyar gutsuren amiloyid, shi ke nan ya lalata shi. In beta ya riga, gama ya biyo baya, sai gutsure mai amino asid 40 ko 42 ya fito cikakke, kuma mai 42 ɗin ya fi saurin manne wa ɗan'uwansa har su zama dunƙule tsakanin ƙwayoyin jijiya. Ko wanne ya yanka, dogon jikin nan na waje yakan saki ya yi ta yawo cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Shi na fita farauta.

Sai maganar sukari, wadda ita ta fi jawo mini rigima a gida. Na yi kuskuren ce wa Inna a waya aikina a kan furotin da sukari ne. Mako biyu bayan haka ƙanwata ta kira ta ce an hana Kaka sukari a shayi da kunu, tsohuwa tana ta kuka wai kishiya ce ta sa a yi mata horon yunwa. Sai da na yi kusan awa ɗaya ina bayani. Wannan sukarin ba na shayi ba ne, ba ya zaƙi, ba daga abinci yake zuwa kai tsaye ba. Jiki ne yake ƙera shi, dogon zare kamar carbi mai duwatsu iri biyu suna bin juna, a wasu wuraren an liƙa masa salfet cunkus, a wasu wuraren fayau. Sunansa hefaran salfet, kuma kusan kowace ƙwayar jiki tana sanye da shi a bayanta kamar gashi. Hefarin ɗan'uwansa ne da ya fi shi yawan salfet, shi ne wanda ake yi wa majiyyata allurarsa don kada jini ya daskare. Da yake hefarin ya fi sauƙin samu, da shi ake gwaji a madadin na ƙwaƙwalwa. Aka mayar wa Kaka da sukarinta.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta samuwa, ba kuma za a ba ni ba. Amma gutsuren amiloyid na saniya daidai yake da na mutum harafi da harafi, alhali na ɓera ya bambanta a wuri uku. Mu kuwa a Adamawa in akwai abin da ba mu rasa ba, shanu ne. Ƙanen Inna mahauci ne a nan Ngaundere, gadon gidansu ne fawa. Na same shi a rumfarsa na ce, "Kawu, ƙwaƙwalwa nake so, amma wadda ba ta yi minti goma da fita daga kai ba." Ya ce, "Ke da ko romon kai ba kya sha?"

Ƙarfe biyar na asuba muka isa mayanka a kan babur ɗinsa, sanyin Ngaundere yana yanka kunne, ina rungume da kula cike da ƙanƙara. Mahauta suna ta yi mini tsiya wai likitar shanu ta zo. Wani gudali aka kayar, yaron Kawu ya fasa ƙoƙon kan da gatari a hankali yadda na roƙa, Kawu ya sa hannu biyu ya ɗago ta tana tururi. Ban taɓa riƙe abu mai laushi haka ba, kamar za ta zube ta tsakanin yatsu. Na sa a leda, na binne cikin ƙanƙara. Gaggawar tana da dalili: da zarar dabba ta mutu, anzayim masu cin furotin da ke cikin naman sai su fara aikinsu, sanyi ne ke rage musu hanzari.

A ɗakin gwaji na ɗora ta a faranti bisa ƙanƙara, na ɗauki hantsaki ina ɓare siririyar yanar da ta lulluɓe ta tare da jijiyoyin jini. Wannan aikin ya fi komai cin lokaci, kuma ba a tsallake shi, don jini yana ɗauke da furotin masu son hefarin fiye da wadda nake nema, za su cinye gurbin. Na yanko giram 20 na ɓangaren sama mai ruwan toka, na zuba cikin ruwan gwaji mai sanyi da aka sa wa maganin hana anzayim ɗin nan aiki, na markaɗa kaɗan kaɗan ina tsayawa don kada ya ɗumama. Ya koma kamar kunun gyaɗa mai ruwan hoda. Daga nan sai injin juyi. Bayan ya wulwula shi, guggubin ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, yadda gasara take kwanciya ta bar ruwan tsari. Ruwan saman na tsiyaye na tace.

Ba mu da famfon da ke tura ruwa cikin bututun hefarin na Malam, da sirinji ake yi. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, wajen mililita ɗaya a minti. In ka matsa da ƙarfi ƙwallayen su danne, in kumfar iska ta shiga ta ɓata hanya. Babban yatsana ya yi kwana biyu yana ciwo. Bayan ruwan ƙwaƙwalwa ya gama wucewa na wanke bututun, sa'an nan na fara tura ruwan gishiri, kowanne ya fi na bayansa kauri, ina tarar abin da ke fitowa a ƙananan kwalabe masu lamba.

Hikimar abin ba ta da wuya. Salfet ɗin jikin hefarin yana ɗauke da caji irin na gindin batir, mai alamar ɗebewa, kuma cikin duk abin da jiki ke ƙerawa babu wanda ya kai hefarin cunkoson wannan caji. APP kuma tana da wurare biyu a jikinta na waje, ana kiransu E1 da E2, inda amino asid masu cajin tarawa, laisin da arjinin, suka taru wuri ɗaya. Suna haɗuwa sai su kama juna. Gishiri kuwa in ya narke yakan rabu gida biyu, rabi mai tarawa rabi mai ɗebewa, su shiga tsakani kamar masu rabon faɗa. In sun yi kaɗan riƙon yana nan. In sun yi yawa dole a saki. Saboda haka yawan gishirin da furotin ta buƙata kafin ta saki shi ke nuna ƙarfin riƙonta.

Ganin sakamako ya ci kwana biyu. Ana ɗiga kaɗan daga kowace kwalba a kan wani jel, a sa masa lantarki, furotin su yi tsere, ƙanana a gaba manya a baya. Sai a kwafe su a kan farar takarda ta musamman, a jiƙa ta cikin madarar gari marar kitse don ta toshe guraben da ba komai. Na tambayi Malam ko Nido zai yi, ya ce in ina so in ga takardata ta yi dabbare-dabbare in gwada. Daga nan a zuba antibodi, wato sinadarin da ke manne wa abin da ya gane kawai, mai gane APP, wanda ake kira 22C11, ta kwana a firij, washegari a sa abin da zai fito da launi.

Launi ya fito, amma a inda bai kamata ba. Layi mai kauri a ruwan da ya wuce tun farko, sauran kwalaben fari fat. Ma'ana furotin ɗin ta bi ta cikin bututun ta fice ko gaisawa ba su yi da hefarin ba. Na zauna ina tunanin ko bututun ya mutu a firij, ko duk abin da na karanta ƙarya ne. Malam bai ce komai ba, littafin aikina ya ce in miƙo. Ya bi da yatsa har ya tsaya a wani layi. Gishiri giram 8.77 ake sawa a lita ɗaya don a sami kaurin gishirin jiki. Ni na auna giram 8.77 daidai, na zuba a mililita 100. Ninki goma. Tun kafin furotin da sukari su ga juna na cika wurin da masu rabon faɗa. Ya rufe littafin ya ce, "To, kin tabbatar gishiri yana raba su. Saura ki tabbatar suna haɗuwa."

Na koma wurin Kawu. A hanyar mayanka karo na biyu ya tambaye ni wai shi hefarin ɗin daga ina ake samo shi. Na ce wani ɗalibin likita ne a Amurka, Jay McLean, ya fara cin karo da shi a 1916 yana aiki da hantar kare, sunan ma daga kalmar hanta ne a Girkanci. Ya ce to yanzu fa? Na ɗan yi jim, na ce yawancin na duniya daga hanjin alade ake tatsa. Sai da babur ya yi tangal-tangal. Da na ce a Barazil ana yi da hanjin shanu, sai ya ce, "To su zo mu yi ciniki mana, ga hanji nan har ƙudaje sun gaji."

Karo na biyu na auna gishirin sau uku, na sa wata ƙawata ta duba lissafin. Ana tsakiyar juyi aka ɗauke wuta, muka kwashe kwalaben muka tura cikin kula har ta dawo. Da na rina jel ɗin farko da shuɗin rini na ga layuka rututu a kwalaben gishiri, sai gabana ya faɗi, ashe furotin masu kama hefarin a ƙwaƙwalwa ba su ƙirguwa. Takardar antibodi ce ta raba gardama. Ina tsaye a kanta ina girgiza farantin, minti uku ba komai, minti biyar sai ga wata inuwa ruwan hoda tana tasowa a sama, wajen kilodalton 100 da ɗoriya a ma'aunin nauyin furotin, inda ake sa ran ganinta. Ruwan farko babu. Ruwan wanki babu. Kwalaben gishiri na tsaka-tsaki, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Zuwa gishiri mafi kauri ta ƙare. Riƙo ne na gaske amma ba na mutu-ka-raba ba, bai kai na antitirombin ba, furotin ɗin jini da hefarin ke kamawa ya hana daskarewa, wadda sai gishiri ya yi kauri sosai take saki. Na yi wata ƙara da ta sa mai shara ya leƙo.

Malam bai bar ni na yi murna da yawa ba. Ya ce antibodin nan yana gane wata 'yar'uwar APP ma, APLP2, in rubuta hakan a fili. Ya kuma ce wa ya sani ko jikin ƙwallayen ta manne wa, ba sukarin ba? Sai na sayo kwalbar hefarin ta allura a kantin magani, na zuba cikin ruwan ƙwaƙwalwar kafin in tura shi bututu. Wannan karon furotin ɗin ta fice a ruwan farko, don hannunta a cike yake tun daga waje. Wannan gwajin na uku shi na fi so, ya fi na biyun gamsar da ni.

Da na nuna wa Kawu hoton a waya ya ce, "Wannan ɗan zanen ne ya ci mini ƙwaƙwalwa uku?" Na rasa yadda zan yi masa bayanin amfanin riƙon, sai idona ya faɗa kan tsiren da yaronsa ke jerawa. Na ce zaren sukarin dogo ne, APP biyu suna iya hawa kansa su zauna gefe da gefe, kamar tsoka biyu a tsinke ɗaya. Masu bincike a Jena ta Jamus sun nuna a 2010 cewa hefarin yana haɗa E1 biyu wuri ɗaya, wasu a Amurka sun ga irin haka a E2. Zaman nan bibbiyu yana taimaka wa ƙwayoyin jijiya su riƙe juna, yana kuma shafar yadda almakasan nan ke isa wurin yanka. Ya gyaɗa kai ya ce in tsoka ta matse da 'yar'uwarta wuƙa ba ta shiga yadda take so. Ni ban taɓa jin wanda ya faɗe shi a taƙaice haka ba.

Abin da ya sa ban yarda da mai cewa sukarin nan abokin gaba ne kawai ba, fuska biyu gare shi. A 1988 Alan Snow da abokan aikinsa suka tarar da hefaran salfet a cikin dunƙulen amiloyid na ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar, kuma a kwalba ma in ka haɗa shi da gutsuren amiloyid yakan hanzarta dunƙulewa, ya zama musu kamar zaren da ake shanya a kai. Amma a 2003 wasu masu bincike a Ingila suka nuna wannan sukarin dai yana iya riƙe almakashin beta ya hana shi yanka APP. Wani kamfani a Kanada ya ƙera ƙaramin magani mai kwaikwayon salfet ɗin sukarin, tiramifurosat, don ya shagaltar da amiloyid. An gwada shi a kan mutum sama da 1000, a 2007 sakamako ya fito bai nuna amfanin da ake nema ba. Sai kuma labarin wata mata a Kolombiya da aka bayyana a 2019, 'yar wani babban dangi da suka gaji cutar, take kama su tun suna shekara arba'in da wani abu. Ita sai da ta haura saba'in kafin mantuwa ta taɓa ta, alhali ƙwaƙwalwarta cike take da amiloyid. Da aka bincika, wata furotin ɗinta ce, APOE, take da canjin da ya sa ba ta iya riƙe hefarin da ƙarfi. Da irin ɗan bututun da ke firij ɗinmu aka auna wannan.

Rashin faɗa wa mutanen gida gaskiya tun farko ya biyo ni a hutun da ya zo. Ɗan gwaggona, wanda ya ɗan yi aiki a kantin magani, ya ji ana cewa hefarin, ya zo da kwalba da sirinji a aljihu wai a fara yi wa Kaka. Har Inna ta fara cewa tunda 'yarta ce ta gano. Ban taɓa ɗaga wa yayana murya ba sai ranar. Na ce, "Yaya, wallahi ba za a soka mata wannan ba." Hefarin babban zare ne mai caji, ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yadda zai yi wani tasiri a can. Abin da zai yi tabbas shi ne tsinka jini, ga tsohuwa mai hawan jini wadda ta faɗi sau biyu a banɗaki cikin wata ɗaya. Ya ce to mene ne amfanin karatun nawa. Ban ba shi amsa ba, kwalbar dai na karɓe, tana cikin kayan gwajina yanzu.

Da yamma na shiga ɗakin Kaka da kofin shayi, cokali uku na sukari yadda take so. Ta karɓa ta kurɓa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Na ce 'yar gidan mahauta. Ta ce, "Mutanen kirki. Zauna, maigidan ya kusa dawowa, sai ki gaishe shi." Ta matsa mini a kan tabarma, ta kwance bakin zanenta, ta ɓallo mini rabin goro.